Guntun Gatarinka: Aikin Hannu da Gidan Sabon Ma'aikaci

(Jawabin da aka gabatar wa ɗalibai masu shirin fita da ƙananan ma'aikata a birnin Sakkwato)



An nemi mu yi magana a kan aikin hannu da amfaninsa ga sabon gida. Mun san wasu za su ce a ransu, ina ruwan mai digiri da zarto da guduma, ko da allura da kaba? To, wannan tambaya ita ce ainihin ciwon da muke so mu taɓa. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, nan da shekara biyu ko uku za su yi aure, su kama hayar ciki da falo a Mabera ko Arkilla ko Gidan Igwai, sa'an nan su tarar albashin da suka daɗe suna mafarki bai kai tsakiyar wata ba. Yadda mutum ya ƙawata wannan ɗaki na farko, shi zai nuna ko zai fara zaman aure da kwanciyar hankali ko da bashi a wuya.

Mun san wani saurayi, ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikata ta nan garin, wanda ya ci bashin da sai ya shekara biyu yana biya, don kawai ya sayi manyan kujerun kushin da teburin gilashi. Da muka je yi masa murna, sai muka tarar da kujerun lulluɓe da leda don gudun ƙura, falon kuwa ya yi zafi kamar tanda. A ina aka sauke mu? A tsakar gida, a kan tabarmar kaba da kakar amarya ta ba ta. A nan muka ci, muka sha, muka yi hira har dare. Watau abin da aka ci bashi dominsa ya zama na kallo, abin da aka raina kuwa shi ya fid da maigida kunya.

Jama'a, ƙyamar aikin hannu baƙuwa ce a wannan gari. Sanannen abu ne a tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya gafarta masa, cewa ya kan tufka igiya da hannunsa a sayar, don ya ci daga guminsa. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa wannan birni a 1809, ya kuma yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaji littafin Usulus Siyasa, a ciki har ya sanya kula da masu sana'a da zaunar da su a garuruwa cikin ayyukan da suka wajaba a kan shugaba. Ba sai mun buɗe littafi ba ma, sunayen shiyoyinmu sun isa shaida: Maƙera Assada ta maƙera, Madunka ta masu ɗinkin fata, ga Marina, ga Majema. An gina garin nan ne a kan malami da mai sana'a, sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke riƙe da duka biyun.

Aikin nasu kuma bai tsaya a gida ba. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira jar akuyar Maraɗi, ita ce majema ke jemewa da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, fatake su ƙetara Hamada da ita. Da yake ta hannun Larabawan Arewacin Afirka ta riƙa isa Turai, sai Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, suna yi wa littattafansu masu tsada bango da ita. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga kasuwar Sakkwato a 1853, ya kuma yaba kayan fata da na ƙarfe da ya gani. Ashe ba abin kunya ba ne jikokin waɗannan mutane su kasa kafa ƙusa a bango sai sun kira wani?

Yaya aka yi muka rabu da wannan gado? Ilmin boko ya zo mana da wata fahimta maras kyau, wai alƙalami na manya ne, guduma ta wanda bai yi karatu ba. Sa'an nan kuɗin man fetur suka ƙara wa abin ƙarfi. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, sai aka ruga kantuna sayen rediyo da babur da firji, farashin kome ya tashi, kayan gida suka zama abin raini. Ku duba ko lefe: asalinsa kwando ne da ake saƙawa da kaba, amma yau sunan kaɗai ya rage, akwatuna sun gaje shi. Jeren ƙorai ya ba tasoshi wuri, tasoshi suka ba kwanoni, kwanoni suka ba tangaran da kuloli. Amma daɗin bai ɗore ba. An karya darajar naira a 1986, an kuma janye tallafin mai a 2023. Ko da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, kowa ya san kuɗin ba su ko kama hanyar sayen kujerun falo ba. Buri ya tsaya a zamanin Udoji, aljihu kuwa ya daɗe da barin can.

Saboda haka bari mu kawo kaɗan daga cikin abubuwan da miji da mata za su iya yi da kansu, ba tare da sun koyi wata doguwar sana'a ba.

Na farko shi ne maganin zafi, don a bazara ma'aunin zafi a nan ya kan haura digiri 40, wutar lantarki kuwa kun san halinta. Wani malamin makaranta daga Jigawa, Malam Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa wata dabara mai sauƙi. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, a zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki har bakinsu ya daidaita, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sosai. A sa tumatir da attarugu da alayyafo a cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunya yana bushewa, yana tafiya da zafin da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Kayan miyan da kan lalace cikin kwana biyu ko uku sai su kai mako ko fiye. Dabarar ta fi aiki da rani, lokacin da iska ta bushe, ƙarfinta na raguwa da damina, kuma ba a ajiye ɗanyen nama ko kifi a ciki. Ilmin da ke cikin randar kakanninmu ke nan, aka ɗan ƙara masa tunani.

Na biyu shi ne inuwa. Bangon da ke fuskantar yamma shi ke shan ranar la'asar, ya kwana yana amayar da zafi cikin ɗaki. Itace huɗu da zana biyu sun isa a kafa rumfa a jikinsa, asabari kuma a ƙofa ya tare rana ya bar iska ta wuce. Mai gidan kansa ya dasa dogon yaro nesa kaɗan da bango saboda saiwa. Mai haya kuwa ya cika tsohon buhu da ƙasa da taki, ya huda gindinsa, ya shuka yakuwa ko rama ko alayyafo, ya riƙa ba su ruwan da aka wanke shinkafa ko aka yi alwala da shi. Ranar tashi ya ɗauki lambunsa ya tafi da shi.

Na uku, kuma wanda ya fi kome muhimmanci ga mai jariri, shi ne ragar taga. A auna tagar, a yanka siraran katako huɗu, a haɗa su, a ja raga a kai a danne da ƙananan ƙusoshi. Aikin yini ɗaya ne, kuɗinsa kuma bai kai na jinyar zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya ba. Wannan bai ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba, ƙari ne a kansa, kuma gidan sauron da ya yage allura da zare ne maganinsa.

Na huɗu shi ne wurin zama da wurin ajiya. A je Madunka a sayi fatar tumtum wadda ba a cusa ba, a dawo gida a cika ta da audugar rimi ko tsofaffin tufafi masu tsabta. Tumtum huɗu da tabarma mai kyau sun isa karɓar kowane baƙo, ba sa kuma riƙe zafi kamar soso. Katakon tsohon akwati, in an goge shi aka shafa masa fenti, ya zama kantar littattafai. 'Yan'uwanmu mata da suka iya saƙar faifai da mafici, ko kwarashi, ko ɗinkin hula, kada su yar da abin don sun sami takarda. Labule da rigar matashi da kayan jariri da aka ɗinka a gida kuɗi ne da suka tsaya a gida, in an ƙware ma har maƙwabta su fara saye.

Na biyar shi ne kayan wasan yara. Yawancinmu da motar kara da 'yar tsana muka tashi. Yaron da ya zauna kusa da mahaifinsa ana feƙe kara ana haɗa ƙafafun mota ya koyi awo da haƙuri da dabara, abin da motar roba ba za ta koya masa ba. Sai dai a kiyaye gwangwani mai tsatsa ko kaifi, a kuma nisanta duwatsun ado da ƙananan batura daga yaron da bai kai shekara uku ba, don kome ya samu baki yake kai wa.

Wani zai ce, ai kayan roba na kasuwa sun fi araha, kuma ma'aikaci ba shi da lokaci. Akwai gaskiya a ciki, ba kuwa muna cewa a yar da bokitin roba ko a ƙi sayen firji in hali ya samu ba. Abin da muke ƙi shi ne cin bashi don ganin ido, gama zanen aro ba ya rufe katara. Batun lokaci kuwa, kowa ya ƙidaya sa'o'in da yake kashewa a majalisa ko a kan wayar hannu ranar Asabar, sa'an nan ya ba kansa amsa.

Har ila yau, dole mutum ya san iyakarsa. Jan wayar lantarki, da gyaran tukunyar gas, da hawa rufin kwano, ba wurin gwaji ba ne, kuskure ɗaya na iya cinye gida da rai. Waɗannan a kai su ga masu su. Haka nan wuƙa da murhu da fartanya na maƙeri ne, takalmi da jaka na baduku. In kuwa mun je wurinsu, mu ji tsoron Allah wajen ciniki. Mu ne muke biyan abin da aka rubuta a babban kanti ba tare da ko tari ba, amma mu tsaya muna ja-in-ja da dattijon da ya kwana uku a kan fata ɗaya. Duk sana'ar da ba ta ciyar da mai ita, ɗansa ba zai gaje ta ba, in kuwa ta mutu, sunan shiya kaɗai zai rage mana.

Daga ƙarshe, muna da roƙo biyu. Ga ƙungiyar ɗalibai, muna ba da shawarar a tanadi akwatin kayan aiki na kowa da kowa, mai ɗauke da zarto da guduma da filaya da abin awo da keken ɗinki ko da ɗaya ne, wanda ɗalibi zai ara ya mayar, a kuma shirya ziyara zuwa Maƙera Assada da Madunka, a zauna gaban masu sana'a da ladabi irin na ɗalibi gaban malaminsa. Ga kowane ɗayanmu kuwa, kafin a zama ango ko amarya, a koyi yin abu ɗaya da hannu har a iya shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'ar nan tun 1988 take ɗauke da sunan mutumin da ya haɗa karantarwa da tufkar igiya, bai kuwa ga ɗayansu ya rage wa ɗayan daraja ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, da sana'a mai albarka, da gidajen da babu bashi a kansu.