Amsar Wasiƙunku: Daga Rediyo Mai Waya Zuwa FM a Kano

Wani manomi daga ƙasar Bichi ya rubuto yana tambaya: yaushe aka fara rediyo a Kano, kuma me ya sa wasu tashoshin ba sa kamuwa sosai a ƙauyensu? To Malam, mun gode da wasiƙarka, ga amsa.

A shekarar 1944, zamanin Turawa, aka kawo rediyo Kano. Amma fa ba irin wadda kake ratayawa a kafaɗa ka tafi gona ba ce. Akwati ne da ake jawo masa waya har cikin gida, mai shi ya riƙa biyan kuɗin haya. Yawancin abin da ake ji daga BBC ta Landan yake zuwa, kuma inda waya ta tsaya nan magana ta tsaya. Ka ga ke nan mutanen karkara ba su da rabo.

A 1957 aka kafa hukumar NBC, gidan rediyon Kano ya zama reshenta. A 1978 gwamnatin soja ta sake tsari, ta kafa FRCN, ta miƙa wa jihohi tashoshin da ke cikinsu. Daga nan Rediyon Kano ya koma hannun gwamnatin jiha, yana watsa shirye-shirye a matsakaicin zango, wato AM. A 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshinsu, kuma a 2003 Freedom Radio ta fara aiki a Kano a kan zangon FM.

Salon shirye-shirye ma ya sauya. Dā sai ka sayi katin gaisuwa ko ka rubuta wasiƙa, ka jira makonni kafin ka ji sunanka. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, sai mutum ya buga kai tsaye ya faɗi damuwarsa, ko ta taki ce ko ta farashin hatsi a kasuwar Dawanau.

Batun rashin kamuwa kuwa, ba lallai akwatinka ne ya lalace ba. Muryar FM garau take, amma a miƙe take tafiya. Nisa ko tsauni na iya tare ta. AM kuwa tana bin ƙasa ta yi nisa, da dare ma ta fi kai wa nesa.

Saboda haka in za ka sayi rediyo, duba ka ga tana da FM da AM da gajeren zango, wato SW. Ka zare eriya duka in FM kake nema. In AM ce, juya akwatin kansa har murya ta fito. Kada ka kai wa mai gyara kuɗinka kafin ka gwada sabon batir.

Allah Ya ba da damina mai albarka. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Mu kwana lafiya.