Iyaye da Fim ɗin Ban Dariya

 Laccarmu ta yau a kan fim ce, irin na ban dariya wanda samari da 'yan mata ke kallo. Watakila wani dattijo ya ce, ina ruwana da fim? To, ruwanka ne, gama ɗanka yana kallo, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Kallon nan ba yau aka fara shi ba. A shekarun 1950 motar majigi takan shiga garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna fim. Ɗaya daga cikinsu shi ne Baban Larai, wanda ya koya wa manoma noman auduga. A lokacin nan uba da ɗa wuri ɗaya suke zama, abin da ɗa ya gani uba ya gani. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, shi ne ake lissafawa na farko cikin fina-finan Hausa na bidiyo. Daga nan kallo ya koma ɗaki, sa'an nan ya koma gidan kallo. Yanzu kuwa ya shige cikin wayar hannu. Yaro ya kai 'yan kuɗinsa wurin mai tura fim, a zuba masa, ya kwanta ya kalla shi kaɗai.

Cikin masu wasan ban dariya babu wanda ya kai Rabilu Musa suna, watau Ibro. Mutumin Ɗanlasan ne, ta ƙasar Kano. Ya yi aikin gandiroba kafin ya shiga wasa. Ya rasu a watan Disamba na 2014, Allah ya ji ƙansa, amma har yanzu fina-finansa na yawo a wayoyin yara. Irin wasansa ake kira camama.

Ku lura da abin da ke sa a yi dariya a camama. Sau da yawa labarin ɗaya ne. Ga mutum, yawanci baƙauye, yana so a ɗauke shi wani abin da ba shi ba ne. A Ibro Ɗan Indiya ya yi shigar Indiyawa, yana kwaikwayon waƙarsu. A Ibro Awilo ya kwaikwayi wani mawaƙin Kwango mai suna Awilo Longomba, da shigarsa da rawarsa. A wani fim ɗin sai ka ga baƙauye ya shigo birni, ya ari tufafin da ba su dace da shi ba, yana murɗe baki wai shi Turanci yake yi. Ƙarshe asirinsa ya tonu, kowa ya fashe da dariya.

Dariyar ba laifi ba ce. Mutumin da ya yini cikin fadama yana fama da kacala, ko ya kwana a kan ruwa da koma, ya cancanci ya yi dariya da dare. Ni kaina ina son Ibro. Amma akwai abin da ke ƙarƙashin dariyar, shi ne dalilin laccar nan.

Yaron da ke kallon baƙauyen nan yana ƙyaƙyatawa, gobe shi ne baƙauyen. Za a kai shi makarantar kwana a Haɗejiya. Ko ya ci jarrabawa ya tafi jami'ar Kafin Hausa ko ta Dutse. Ko ya tafi cin rani Kano bayan an yanke shinkafa. Ran da ya sauka, zai tarad da yara sa'o'insa, askinsu dabam, wandonsu dabam, maganarsu dabam. Za su tambaye shi, daga ina? Ya ce daga Guri. Wani ya ce, ina ne kuma Guri? A yi dariya. A ranar nan fim ɗin da ya kalla zai faɗo masa a rai, kuma darasi biyu ne zai iya ɗauka daga ciki. Na ɗaya, ya ce ashe mai aron hali shi ke jin kunya, bari in tsaya yadda nake. Na biyu, ya ce ashe zama baƙauye shi ne abin kunya, bari in ɓoye asalina. Fim ba ya zaɓa masa. Wanda ya zauna kusa da shi lokacin kallo, shi ke taimakonsa ya zaɓa.

Abin ya fi nauyi a ƙasarmu. Nan akwai Badawa, akwai Mangawa, akwai Fulani, akwai Hausawa, kasuwa ɗaya muke ci. Masu wasan ban dariya kuwa suna yawan kwaikwayon Hausar wanda ba Bahaushe ba, don a yi dariya. Yaron da ya tashi da Badanci a bakinsa, in ya ga ana yi wa irin maganarsa dariya a fim, sa'an nan aka yi masa a makaranta, sai ya fara jin nauyin harshen uwarsa. Ya dawo hutu, kakarsa ta yi masa magana da Badanci, ya amsa da Hausa. Yau da gobe sai ya daina ji ma. Da ma Badanci yana ja da baya a gaban Hausa a garuruwa da yawa. Ba fim kaɗai ya jawo haka ba, amma kunyar nan tana ƙara wa abin gudu.

Son shiga cikin sa'o'i ba cuta ba ce. Kowane yaro da shi ake haifarsa. Mu ma da muna samari mun so a ce da mu ake yi, a dandali da wurin kokawa. Abin tsoro shi ne kuɗin shigar da abokai za su nema. Wani wurin kuɗin shigar aski ne kawai, wannan da sauƙi. Wani wurin sai yaro ya yi ƙarya a kan sana'ar ubansa, ya ce ɗan kasuwa ne, alhali masunci ne. Wani wurin kuwa sai ya sha abin da suke sha. Yarinya ma haka, ta matsa wa uwarta a saya mata man canza fata don ƙawayenta sun yi.

To, me uba zai yi? Kada ka fara da ƙwace waya. In ka ƙwace, zai je ya kalla a ta abokinsa, kai kuwa ka rasa sanin abin da yake gani. Ka ce masa, kawo mu gani tare. Ka yi dariya inda abin dariya yake, kada ka ɗaure fuska kamar alƙali. In an gama, ka tambaye shi a hankali: wa aka yi wa dariya? Don me? Da kai ne a wurin, da yaya za ka yi? Ka bar shi ya yi magana, kada ka katse shi. Nan za ka ji abin da ake yi masa a makaranta wanda bai taɓa gaya maka ba. Ke ma uwa, ki yi haka da 'yarki, don ta fi sakin jiki da ke.

Karatun da kuke koyo a ajin nan yana da amfani a nan. Tun 2001 Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai, Gwamnatin Tarayya kuma tana da tata tun 1993. Ta Tarayya takan sa wa fim alamar shekaru. In ka ga 12, ko 15, ko 18, ma'anarsa wanda bai kai waɗannan shekaru ba bai kamata ya kalla ba. Kun riga kun iya lambobin nan. Ku duba farkon fim, ku karanta sunansa, ku nemi alamar. Amma ku sani, gajerun wasannin da ake turawa ta TikTok da WhatsApp yawancinsu ba su bi ta hannun kowace hukuma ba. A nan kai ne hukumar.

Sauran abu biyu ƙanana. Ku yanka wa kallo lokaci, bayan an gama aiki da karatu, kada ya kai tsakar dare. Kuɗin caji da na turawa kuma, ku san inda yaro ke samunsu.

Ran aji mai zuwa kowa ya tambayi ɗansa ko 'yarsa sunan fim ɗin ban dariya da suka fi so. Ya rubuto sunan da hannunsa a littafinsa, ya kawo. Malam zai duba rubutun, sa'an nan mu zaɓi ɗaya mu kalla tare a nan.