Ƙwaro Mai Tsalle A Ganyen Masara: Ku San Danginsa



In kun girgiza shukar masara, wani lokaci za ku ga 'yan ƙwari, tsawonsu bai wuce ƙwayar gero ba, sun yi tsalle sun watse. Da yawa kan ce 'ya'yan fara ne. To, ba su ba ne.

Masana suna raba ƙwari dangi-dangi, kuma baki na cikin abin da suke dubawa. Fara tauna ganye take yi. Shi kuwa wannan bakinsa kamar allura yake, sai ya soki ganye ya tsotse ruwansa. Zuriyarsu ɗaya da kuɗin cizo, da ƙwarin darɓa, waɗanda suka yaɗa kuturtar gyaɗa a 1975.

Masu tsallen nan sun fi iri 20,000 a duniya. Wasu kan auka wa auduga da wake. Wanda ya fi damun mai masara ana kiransa Sikadulina. Tun wajen 1925 wani masani mai suna Storey ya gano a Afirka ta Kudu cewa shi ke ɗaukar cutar da ke sa ganye zane-zanen ruwan ɗorawa. Masarar da ta kamu tana ƙarama sai ta tsumbure, ta ƙi yin goyon kirki. Cutar ba ta bin iri. Da rani takan fake a ciyawa da masarar fadama.

Amfanin sanin dangi ke nan: dusa mai guba da ake sa wa fara ba ta kama shi, don ba ya tauna. Kada ku ɓata kuɗinku. Ga abin yi:

1. Ku yi shuka da wuri, lokaci ɗaya da maƙwabta.
2. Kada ku shuka sabuwar masara daf da tsohuwa mai cuta.
3. Ku tuge wadda ta kamu tun tana ƙarama, ku nome ciyawa.
4. Ku nemi iri mai jure cutar. Masu bincike na Ibadan da Samaru sun fito da irinsa.

In kun ga alama, ku kai wa malamin gona ganyen tun da wuri.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.