Jawabi ga Matan Jam'iyya na Mazaɓar Dakata: Fansho da Haƙƙin Iyalan Ma'aikaci

Don Allah wadda ta samu saƙon nan ta karanta wa wadda ba ta iya karatu ba.

Maganata a yau kan fansho ce. Da yawanmu mazajenmu malaman makaranta ne, ko ma'aikatan ƙaramar hukumar Nasarawa, ko leburorin kamfani a Bompai, Sharaɗa da Challawa. Wasunmu mu ne ma'aikatan da kanmu. Amma mace nawa ce a cikinmu ta san inda takardun aikin maigida suke?

Da farko ki san tsarin da yake ciki. Idan ma'aikacin jiha ne ko na ƙaramar hukuma, yana ƙarƙashin dokar fansho da garatuti ta Kano ta 2006, wadda a 2006 ta tsara a cire kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, gwamnati ta ƙara kashi 17, a tara a Hukumar Amintattun Asusun Fansho. Idan na tarayya ne, ko na kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama, dokar tarayya ta 2014 ce: shi kashi 8, mai aikin kashi 10, a asusu mai sunansa da lambarsa, ƙarƙashin kulawar PenCom. Kin ga ashe guminsa ne ake tara masa, babu mai yi miki alfarma in kin je nema.

Haƙƙin nan ta ƙofa uku yake fitowa. Ta farko ritaya, galibi idan ma'aikacin gwamnati ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki.

Ta biyu rashin lafiya ko naƙasa. In ciwo ya kwantar da maigida, kada ya daina zuwa aiki shiru, a ce ya gudu, a kore shi. A kai rahoton likita wurin aikinsa a rubuce. Dokar tarayya ta yarda mutum ya yi ritaya kafin lokaci idan likitoci sun tabbatar ba zai iya aiki ba. Wanda kuma inji ya ji wa rauni a masana'anta, akwai dokar diyya ta 2010 da hukumar NSITF ke kula da ita, kuma kamfani ne ke biyan kuɗinta, ba a cire wa lebura ko kwabo.

Ta uku ita ce mai zafin: mutuwa. A tsarin tarayya, bayan kuɗin asusunsa, dole mai aikin ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. A tsarin jiha ma akwai haƙƙin mamaci. A nan ake cutar mata. Kina takaba, wata huɗu da kwana goma, wani dangin miji ya ɗauke fayil ya ce sunansa aka rubuta a matsayin magaji. Hajiya, rubuta suna a fom bai mayar da dukiyar marayu tasa ba. Rabon gado yana nan yadda Allah ya tsara: matan aure tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu.

To me za mu yi? Da sanyin safiya ake kama fara. Yau da daddare, cikin ladabi, ki ce, "Malam, ina takardar ɗaukarka aiki, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da ta albashi? Wa ka rubuta a fom?" A yi musu hoto, a adana. In da abokiyar zama, ku sani tare. In ta Allah ta kasance, a karɓi shaidar rasuwa daga asibiti da Hukumar Ƙidaya, sannan takardar kotu ta magada. Kada ki sa hannu a takardar da ba a karanta miki ba, kada ki ba ɗan kamasho ko sisi.

Mu ne muke shan rana a layin zaɓe, don haka muna da bakin tambayar kansila da ɗan majalisa: ina aka kwana kan garatutin tsofaffinmu da haƙƙin zawarawa? Duk wadda fayil ɗin mijinta ya maƙale, ta sanar da shugabar mata ta akwatinta, mu haɗa sunaye mu tafi tare.

Allah ya ji ƙan mazan da suka riga mu, ya raya marayunmu. Wassalamu alaikum.