Tattara da Kayan Kwaikwayo: Aikin da Ke Jiran Telolin Birnin Kano

  

Batun da na zo da shi yau ƙarami ne a ido, wato tattara: dogon ƙyallen nan da tela ke tsuke gefensa ɗaya ya bar ɗayan a sake, sannan ya ɗora shi a gindin siket, ko bakin hannun riga, ko kewayen wuya. Duk wadda ta taɓa kai ɗinkin Sallah ta san ta. Dalilin da ya sa na zaɓe ta shi ne, tana kai mu ga wata sana'a da muka gada a garin nan amma har yau ba mu ba ta matsayinta ba, ita ce ɗinkin kayan kwaikwayo, tufafin da mutum zai sa domin ya fito a kamannin wani.

A ƙasar Japan, tun cikin shekarun 1980, matasa suka ɗauki al'adar yin shigar jaruman zanen barkwanci da finafinan katun, suna kiranta kosfile. Abin ya bunƙasa har aka fara babban taron duniya a birnin Nagoya a 2003, inda yanzu ƙasashe ke tura wakilai su yi gasa. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan gasar shi ne, kayan da za ka hau dandali da su kai za ka ɗinka da hannunka, kuma alƙalai sukan matso su duba ɗinkin ciki da waje. Rigunan 'yan mata da yawa a wannan wasa cike suke da tattara hawa-hawa, salon da suka aro daga suturar matan Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya. Matashiyar da ke son fitowa a matsayin wata jaruma za ta zauna ta ƙirga hawa nawa ne a rigar jarumar, ta nemo yadin da zai zuba yadda zanen ya nuna. Ba shigarsu nake kira mu ɗauka ba, muna da tamu tarbiyyar. Abin da ya ja hankalina shi ne tsantseninsu: sun yarda cewa riga ita ce ke fara gaya wa mai kallo ko wane ne wannan, tun kafin ya buɗe baki.

Mu Kanawa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Daga goma ga watan azumi yara ke fita tashe: wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya layu da ƙulle-ƙulle ya zama Jatau mai magani, 'yan mata su yi wa ɗayarsu shigar miji a wasan Mairama da Daudu. Ku duba kuma hawan Sallah, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024. Ranar Hawan Daushe, idan aka taru a Ƙofar Kudu, ba ka buƙatar mai yi maka bayani: ja da kore ka san dogari ne, rigar da aka cusa wa auduga aka ɗinke ta layi-layi ka san ɗan lifidi ne, rawani mai kunne biyu ka san jinin sarauta ne. Duk wannan aikin allura ne da zare. Sannan ga masana'antar fim, wadda ta soma da Turmin Danya a 1990, kuma ba a taɓa ɗaukar fim ɗaya a cikinta ba tare da hannun tela ba.

To, bari in shiga cikin aikin kansa, domin yaran shago da ke zaune a baya su tafi da wani abu.

Tattara tana farawa da lissafi kafin almakashi. Tsawon ƙyallen ya kan kama daga ninki ɗaya da rabi zuwa ninki uku na wurin da za a ɗora shi. Yadi mai kauri, irin shadda ko atamfa mai sitaci, ninki ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishe shi, in ka ƙara sai ya cunkushe ya miƙe ƙiƙam. Yadi marar nauyi kuwa, irin na mayafi, yana son ninki biyu da rabi ko uku, in ba haka ba sai ya fito kamar an yi rowa. Mu ɗauka gindin siket yadi 2 ne a kewaye, kuma ana son hawa uku a ninki biyu. Kowane hawa zai ci ƙyalle mai tsawon yadi 4, jimilla yadi 12. Idan faɗin atamfar inci 45 ne, zurfin kowane ƙyalle kuma inci 9, za ka fitar da ƙyalle biyar a faɗi ɗaya, ke nan tattarar kaɗai ta cinye kusan yadi biyu da rabi daga turmi mai yadi 6. Wannan lissafi ne ya kamata tela ya yi a gaban mai kaya ranar da ta kawo ɗinki. Rashin yinsa shi ke haifar da rigimar da muka saba ji, a ce tela ya saci yadi alhali tattara ce ta cinye shi.

Bayan yanka sai kalmasa. A kalmashe bakin da zai rataya tun ƙyallen yana miƙe, siririyar kalmasa, a kuma goge ta. Wanda ya bari sai ya tsuke sannan ya dawo kalmasa, ya saya wa kansa wahala. Daga nan a buɗe ɗinkin keke zuwa mafi tsawonsa, a yi layi biyu a gefen da za a tsuke, kusa da juna, ba tare da an ƙulle ƙarshensu ba. Layi biyu nake cewa, kuma ina nanatawa, domin a nan gaggawa ke kayar da mutane. Layi ɗaya yakan tsinke a tsakiyar ja, ko ya bar tattarar tana kwanciya ta kowace fuska. Zaren ƙasa, na kwarkwaro, shi ake ja a hankali daga gefen nan biyu. Kafin a ja, a raba ƙyallen gida huɗu, a raba gindin rigar gida huɗu, a haɗa alama da alama da fil. Haka ne zai sa tattarar ta rabu daidai, ba a tara ta a gaba a bar baya fayau ba. Sai a ɗinka tsakanin layukan nan biyu, a zare zaren tsukewar, a ɗaure bakin yadin daga ciki don kada ya warware.

Akwai kuma wadda ba a tsuke ta ko kaɗan. Ana yanka ta ne a da'ira, sai gefen ciki ya kwanta lumui a jikin riga, gefen waje ya yi igiya-igiya da kansa. Ta fi cin yadi, amma ba ta ƙara wa ƙugu kauri, kuma a gaban kyamara ta fi motsi idan mai wasa ta juya. Telan kayan wasa dole ya san wannan bambanci, domin rigarsa za ta yi gudu, ta durƙusa, ta hau doki, ta sha zufa a ƙarƙashin fitila, a wanke ta a sake sa ta gobe don a ƙarasa fitowar da aka fara jiya.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi damuwa. Iya tattara rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sanin inda ba ta da gurbi. A 1851 Bature Heinrich Barth ya shigo Kano, ya ga yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan ke tafiya har Timbuktu, ya ƙiyasta cewa abin da ke zuwa can kaɗai ya kai kayan raƙumi 300 a shekara. A wannan shekarar dai Isaac Singer ya yi rajistar kekensa na ɗinki a Amurka. Ke nan lokacin da Kano ke tufatar da Sahara, keken ɗinki bai ma ƙetaro teku ba. Tufafinmu na wancan zamani saƙar hannu ne, sirara-sirara, ana harhaɗa su da allura: saƙi, tsamiya, da turkuɗin Kura mai ƙyalli da 'yan bugu ke daka wa shuni. Adon namiji yana faɗin babbar riga da aikin wuyanta, aska biyu ko aska takwas. Tsuke yadi kam mun san shi, ga wando buje da zariya ke tattare shi a ƙugu. Amma tattarar keke mai hawa-hawa a kan yadin kanti ta yaɗu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kekuna da yadin waje suka wadata.

Saboda haka, idan aka shirya fim a kan zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka fito da gimbiya cikin leshi mai tattara da zif a baya, an yi wa tarihi ƙarya, kuma yaranmu za su haddace ƙaryar, domin sun fi kallon fim a kan karanta littafi. Idan kuwa labarin amarya ce ta shekarun 1970 da akwatin fatari da shimi, to nan tattara ta zo gida, kuma a yi ta da kyau.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, kayan gyaran duk suna hannunmu. Gidan Makama yana nan daura da fadar Sarki, da tsofaffin tufafi da hotuna. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, har yau ana rini a cikinsa. Kasuwar Kurmi na da masu saƙi da kayan doki, Ƙofar Wambai na da zare da kayan teloli, Kantin Kwari na da kowane irin yadi. Har unguwa muke da ita a cikin ganuwa mai suna Soron Ɗinki. Tafiyar yini ɗaya ta ishi tela ya zagaya waɗannan wurare da littafin awonsa.

Wani zai ce ina ruwan garin da ke kula da sutura da wannan ado? Ni a ganina tattara abokiyar sutura ce. Tana ƙara wa riga yalwa da tsawo, tana hana ta manne wa jiki, kuma mai shirya fim da ke son kayansa su yi kyau su kuma wuce hukumar tace finafinai ba tare da gyara ba, zai sami sauƙi a wurinta.

Ina roƙon masu shirya fim su daina kiran tela ana gobe za a fara ɗauka. Ku ba shi labarin ya karanta ko a karanta masa, ku ba shi makonni, ku ware masa kuɗinsa a kasafi, ku rubuta sunansa a allo kamar yadda kuke rubuta na mai kyamara. Manyan teloli, ku zaunar da yaranku ku koya musu lissafin yadi da layi biyun nan kafin ku sake musu keke, ku kuma kai su wurin dattawan masu ɗinkin hannu tun suna raye. Malaman makarantu da ke shirya wasan ƙarshen zango, ku kai aikin kayan wasan ga telan unguwarku, ku gaya masa zamanin da labarin ya faru. Iyayenmu mata kuma, tsofaffin zannuwa da fatarin da ke ƙasan adaka, don Allah kada a yayyaga su a yi tsumma. A nuna wa masu ɗinki su auna su zana.