AMSOSHIN WASIƘUNKU: Wai Yaran Turawa Kan Yi Shekara Guda A Ƙasar Waje Kafin Jami'a?

Wasiƙarmu ta farko yau ta fito ne daga wani dattijo manomi a ƙasar Funtuwa, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce ɗansa ya gama sakandare, ya rubuta jarrabawar shiga jami'a bai sami gurbi ba. Yanzu yaron ya tasa shi gaba, wai sai ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu ya ba shi guzuri, ya tafi ƙasar waje ya yi shekara guda ya dawo. Hujjar yaron kuwa, wai haka 'ya'yan Turawa ke yi. Malam yana tambaya, shin gaskiya ne, ko kuwa wayo ake son yi masa?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Yaronka bai yi ƙarya ba, al'adar tana nan. Sai dai rabin labarin ya kawo maka, bari mu cika maka sauran.

A Ingila abin yana da ƙarfi, inda suke kiranta da wani suna mai ma'anar shekarar giɓi, wato giɓin da ke tsakanin sakandare da jami'a. Yadda da yawansu ke yi shi ne, yaro zai nemi jami'a tukuna, a ba shi gurbi, sa'an nan ya roƙi a ajiye masa gurbin nan sai baɗi. In jami'ar ta yarda, sai ya ɗauki jakarsa. Ka ga ke nan tun kafin ya bar gida ya san ranar da zai komo, ya kuma san ajin da ke jiransa. Haka Malia, 'yar tsohon shugaban Amurka Obama, ta yi a 2016: ta sami gurbi a jami'ar Harvard, ta jinkirta shiga sai 2017.

Abin ya daɗe. A 1958 wani Bature mai suna Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO, wadda ta soma da tura samarin da suka gama sakandare su yi aikin sa-kai a ƙasashen waje. Dattawan da suka yi makaranta a Arewa bayan samun mulkin kai, wasunsu za su tuna da Turawan nan matasa masu koyar da Turanci da lissafi. Daga baya ƙungiyar ta koma ɗaukar masu sana'a a hannu.

To me yaran ke tararwa a can? Nan ne yaronka ya kamata ya kasa kunne, don ba yawon shan iska ba ne zalla. Yarima William, magajin sarautar Ingila, da ya gama sakandare a 2000 an kai shi wani ƙauye can kudancin ƙasar Chile, ya yi mako goma yana ɗaukar gungumen itace, yana koya wa yara Turanci. Har hotonsa aka ɗauka ya durƙusa yana wanke ban-ɗaki. A 2001 ya shiga jami'a. Ƙanensa Harry kuma a 2003 kiwon shanu ya je ya yi a Ostireliya, daga nan ya wuce Lesotho.

Waɗannan 'ya'yan sarauta ne, ana gadinsu. Labarin sauran yara ya fi kama da namu na cin rani. Tun 1975 Ostireliya ta buɗe wata biza ta matasa, wadda ke ba mutum izinin zama shekara guda yana aiki yana zagaya ƙasa. Kafin a ba shi, ana so ya kasance yana da kuɗin riƙe kansa, wajen dalar Ostireliya 5,000, ban da kuɗin jirgin komawa. Daga 2005 aka ce duk mai son ƙarin shekara ta biyu sai ya yi kwana 88 yana aiki a karkara, galibi a gona. (An ɗauke wa 'yan Ingila wannan sharaɗi a 2024, amma yana kan Jamusawa da Faransawa da sauransu.) Sai ka ga yaron da bai taɓa riƙe fartanya ba ya tashi tun asuba yana tsinkar lemo ko mangwaro, ko yana saɓa nonon ayaba a kafaɗa cikin zafin rana. Da dare su kwana su shida ko takwas a ɗaki guda, gado bisa gado, a cire kuɗin kwana da na mota daga ladansu. Kai da ka san aikin ƙwadago, Malam, ka san yadda lissafin nan ke ƙarewa. A 2016 hukumar kare haƙƙin ma'aikata ta ƙasar ta fitar da rahoto, ta ce ana tauye wa da yawa daga cikin yaran nan lada, wasu ma suna aiki ba biya don kawai mai gona ya sa musu hannu a takardar kwana 88 ɗin. Ka ji fa, wannan mai takarda ke nan, wanda ke da ofishin da zai kai ƙara.

Duk da haka, da yawansu in sun komo suna cewa ba su yi da-na-sani ba. Wani ya koyo harshe, wani ya koyi dafa wa kansa abinci da tattalin kuɗi, wani kuma ya gane karatun da ya zaɓa ba shi ya dace da shi ba, ya sake. Abin da suka fi kuka da shi kewar gida ce, musamman watannin farko, lokacin da mutum ba shi da wanda zai gaisa da shi da harshensu. Akwai kuma waɗanda kuɗi ke yanke musu, uba ya aika da na jirgi. A ganinmu ma, 'ya'yan masu hali ne suka fi cin moriyar abin. Ɗan talakan Ingila sau da yawa aikin kanti yake kamawa a garinsu.

Jamusawa nasu da tsari. Tun 1964 suke da dokar shekarar aikin sa-kai, inda matashi kan yi hidima a asibiti ko gidan tsofaffi ana ba shi ɗan kuɗin kashewa. A 2008 gwamnatinsu ta ƙara wani shiri mai suna weltwärts na tura matasa ƙasashe masu tasowa, a 2013 kuma aka buɗe shi yadda matasan Afirka da Asiya da Kudancin Amurka su ma za su iya zuwa Jamus. Amma ta hannun ƙungiyoyin da aka amince da su ake bi, ana tantancewa, ba ta hannun dillali a tasha ba.

Yanzu mu komo kan shanunka. Waccan biza ta Ostireliya, babu Nijeriya ko Nijar cikin ƙasashen da ake ba 'ya'yansu. Kuma a wasiƙarka ba ka ambaci ƙasar da yaron zai nufa ba, wannan shi ya fi damunmu. In kuɗin shanu biyu ne guzurin, da wuya a ce jirgi ne. Mun fi tsoron hanyar Agadas zuwa Libiya ce. Ba a manta ba, a 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna hoton yadda ake gwanjon baƙin haure a Libiya kamar awaki.

Shawararmu, ka zaunar da shi bayan sallar isha'i, ba da faɗa ba. Ka tambaye shi wace ƙasa, wajen wa zai sauka, da wace takarda, ran yaushe zai komo, kuma me zai komo ya tarar. In ya ce wani ne zai yi masa hanya, ka nemi ganin mutumin ido da ido. In kuwa fita gida kawai ransa ke so, don zaman jiran jarrabawa yana cin rai, to ka duba cikin dangi ko akwai mai shago a Kano ko Kumasi da zai riƙe shi wata shida ya koyi ciniki, ya komo a kan lokaci ya sake rubuta jarrabawarsa. Shanun dai a bar su a turke, damina na tafe.

Malam, a gaida mutanen Funtuwa. Ka sake rubuto mana mu ji yadda kuka ƙare da shi.