Numfashin Injin Mota a Ƙasar Ƙura



Idan ana zancen mota, mai muke fara tunawa, alhali kuwa injin ya fi shan iska nesa ba kusa ba. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, sai ya haɗu da iska kilo 14.7, wato lita guda ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000. To, wace irin iska muke ba shi?

Duk wanda ya bi hanyoyin burji na ƙauyukan Bakura da Maradun cikin hunturu ya san amsa. Ga jar ƙurar da tayoyi ke tayarwa, ga hazon da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a Cadi. Ƙurar nan garin yashi ce. In ta kuɓuce wa matatar iska, sai ta cuɗe da baƙin mai, ta riƙa cin ringi da bangon silinda kamar dutsen wasa. Ba a jimawa mota ta soma hayaƙi.

Saboda haka, a ganinmu, mai tsara hanyar iskar injin don wannan ƙasa da ƙura zai fara lissafi, ƙarfin gudu ya biyo baya. Ya ɗaga bakin bututun sama, nesa da tayoyi, nesa da zafin salansa, domin iska mai zafi ba ta da nauyi, injin ba ya ƙoshi da ita. Ya faɗaɗa matata, don kada ta toshe da wuri ta shaƙe injin. Tsofaffin Volkswagen da Land Rover suna da matata mai kwanon mai: ƙura ta maƙale a man, bakanike ya wanke ya zuba sabo. Ta takarda ta fi ta tacewa, amma in ta cika sai sauyi, ga tsada, shi ya sa wasu direbobi kan cire ta su yar. Wannan ganganci ne.

Ɗaliban injiniya na Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara ba sa bukatar tafiya nesa. Su duba taraktocin gonakin madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Kan bututun yawancinsu akwai ƙoƙo mai juya iska kamar guguwa, ƙura mai nauyi ta faɗa gefe tun kafin ta isa matata. Su auna abin da ƙoƙon ke tarawa a yini guda na watan Janairu, daga nan su soma zane.